Ƙarfen da Ɗanladi Ya Ɗaure da Jan Zare

Litinin, da hantsi

Ɗanladi bai zo ba. Kwana biyu ya ce, yau ga kwana biyun.

Wannan littafi na ruwan sama ne da haihuwa da mutuwa. Makaranta ban taɓa shiga ba, ban kuma yi da-na-sani ba. Malamin yaƙi da jahilci ne ya koya mana baƙi a gindin ɗorawar garin Ƙarfi, ina da furfurata, tun lokacin nake sa ranar shuka da wanda ya rasu da wanda ya dasa wace itaciya. Yau zan sa maganar inji, don kaina ya cika, in na gaya wa Marka dariya za ta yi mini.

Hadarin farko na bana ya tsaga babban reshen tsamiyar gidanmu, wadda kakana Sanda ya tarar a nan ranar da ya sari dajin. Reshen bai faɗo ba. Yana nan rataye a kan ɗakin Marka, matata, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun kakar bara. Kaurinsa zai ba da turmi uku. Na ce a ɗauke ta a kai ta ɗakin Tani, matar ɗanmu Ɗanasabe. Marka ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, a bayansa aka binne cibiyar 'ya'yanta bakwai, ranar da za a fitar da ita a naɗe cikin tabarma za a fitar da ita.

Gatari ba zai yi ba. Ni masassaƙi ne, na san abin da sara ke yi wa tsagaggen reshe. Kowane sara girgiza ne, kafin ka kai rabi ya sauka inda ya ga dama. Shi ya sa na aika a kira Ɗanladi.

Ɗanladi bakanike ne a Funtua, bayan tashar jirgi. Mutumin ƙetaren kogin Kwara ne, sunansa na gida ya fi ƙarfin bakina, da na ji ran Lahadi aka haife shi sai na raɗa masa wannan, ya kuwa amsa. Yana da ɗan ƙaramin zarto mai inji, mai sarƙa a kewaye da harshe, mutum ɗaya ke ɗauka ya hau itace da shi. Shekara uku yana kayar mini da itace ina sassaƙa wa matarsa turmi da kujera. Ran Asabar ya zo ya duba reshen, ya ce daga can ƙarshe za a riƙa yanko shi guntu-guntu, ana ja da igiya. Ya gwada injin a wani kututture, ashe da dutse a ciki, sarƙar ta tsinke. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya bar mini injin da galan na fetur. Ya ce, "Baba, kwana biyu. Ka ce wa Inna kada ta yi tari da ƙarfi." Marka ta ji daga ɗaki ta ce ya zo ya faɗa a gabanta in ya isa.

Tsagar reshen yau yatsa biyu ce.

Talata, da la'asar

Bai zo ba. Sabuwa mai fura ta dawo daga bakin titi da furarta a ƙwarya, ta ce mota ko ɗaya ba ta tsaya ba. Ta fara wata magana a kan Funtua. Na tashi na tafi duba awaki.

Laraba, da safe

Bai zo ba.

Alhamis, da azahar

Mai unguwa ya aiko kowa ya zauna gida, wai tarzoma ta tashi a garuruwa. Ɗanasabe ya dawo daga Malumfashi bai ci abinci ba. Ya tsaya a bakin rumfata ya ce, "Baba, ka ji abin da…" Na ce ban ji ba, ya miƙo mini gizago.

Marka ta kira ni. Ta ce, "Maigida, yaron nan fa?"

Na ce wataƙila sarƙar ce ta yi wuyar samu.

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "To, sarƙar ce."

Iska ta taso daga gabas ta koma. Reshen ya yi kuka sau biyu, irin kukan tsohon ƙyaure.

Asabar, da hantsi

Kwana bakwai. Ba zan zauna ina kallon sama ba. Ɗanasabe ya sha riƙe wa Ɗanladi injin, ya san inda ake ja da inda ake matsawa. Sarƙa kawai muka rasa, sarƙa kuwa sarƙa ce. Zan je da kaina in samo.

Abu ɗaya na fara yi. A hannun injin akwai wani ɗan ƙarfe da Ɗanladi ya ɗaure da jan zare, shimfiɗaɗɗe, tsawon ɗan yatsa, da 'yar tsaga biyu a gefensa. Na san irinsa. Duk mai aiki da abu mai kaifi yana da abin da ya dogara da shi, ni ma akwai abin da ubana ya tura cikin ƙotar gatarina. A gidanmu ba a taɓa tsarin mutum yana raye. Sai ya mutu ake kwancewa a ba magajinsa, shi ke nan an san ya tafi. Ba zan bar Ɗanasabe ya yi aiki tsarin wani yana lilo a hannunsa ba. Na rufe hannuna da tsumma na kwance shi, ban bar fatata ta taɓa ba, na ƙunshe na ba Marka ta ajiye ƙarƙashin matashinta. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ba na son surutu. Ta rufe.

Na zagaya harshen injin da igiyar rama, na yanke daidai inda ta haɗu. Awona ke nan. Da kara muke auna kabari bai taɓa yi wa kowa kaɗan ba.

Litinin, gab da faɗuwar rana

Na je Funtua na dawo.

Na bi ta bayan tasha. Shagon yana nan. Ƙofar ce babu. Ban shiga ba, ba a shiga wurin mutum ba ya nan.

Ba zan rubuta abin da na gani a sauran layin ba.

A kasuwa na tarar da Maharazu, wanda na sani da sayar da tsofaffin kwanoni da fitilu. Yau ya shimfiɗa buhu uku, duk ƙarafa, sifana da guduma da abubuwan da na tabbata bai san sunansu ba. Na ce, "Maharazu, yaushe ka zama bakanike?" Ya ce, "Baba Labo, kasuwa ce, abin da ya zo shi ake sayarwa." Bai dube ni ba.

Sarƙoƙi biyar ne a wurinsa cikin wani akwati shuɗi. Na san akwatin. Ɗaya daga ciki an naɗe ta an ɗaure da jan zare, na kau da kai, na ture ta gefe da sandata. Sauran huɗun na shimfiɗa su a ƙasa. Aradu duk ɗaya suke a idona, haƙora ta sama, wasu 'yan ƙafafu ta ƙasa, ƙusoshi a jere kamar idon fara. Na ɗora igiyata, ɗaya ta zo daidai, wadda ta fi manyan haƙora. Na ce wannan ce ma za ta ci tsamiya. Na bar masa ƙaramin turmin da na zo da shi na taho.

Talata, da hantsi

Ba ta hau ba.

Tsawo ya yi, na rantse ya yi. Amma a gindin harshen, cikin injin, akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da tauraro, shi ke jan sarƙar. Ƙafa ɗaya ta faɗa tsakanin haƙoransa, ta biyu ta hau kai, ta uku ta tsallake. Kuma ƙafafun sun ƙi shiga kwarin da ke gefen harshen, inda ya kamata su bi.

Ɗanasabe ya ce, "Baba, takunta ya fi na injin faɗi."

Na ce sarƙa tana da taku ne, jaki ce?

Ya ce, "To ka duba mana."

Na duba. Na juya ta, na sake juyawa. Na ɗauko guduma, ya riƙe mini hannu. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe mini hannu ba.

Marka daga ɗaki ta ce, "An sa wa akuya takalmin raƙumi ko?"

Laraba, da la'asar

An yi ruwa, ba iska. Tsagar yatsa uku. Na shuka dawa a gonar bayan gida don kada littafi ya ce ban shuka ba.

Bai zo ba.

Juma'a, da azahar

Na je Malumfashi wurin Malam Abdussamad na gandun daji, don an ce suna da irin injin. Nasu ƙato ne, mutum biyu ke ɗauka, ba mai hawa itace da shi. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya duba sarƙar da na kawo ya yi murmushi.

Ya ce, "Baba, wannan ta babban inji ce. Abu biyu ake dubawa kafin a zo ga tsawo. Na farko taku. Ka ƙirga ƙusa uku a jere, ka auna daga ta farko zuwa ta uku, ka raba biyu."

Na ce in biyu za a raba, me ya kai ni ƙirga uku?

Ya ce haka ake yi. Ya ce wannan huɗu-ba-komai-huɗu ce, nawa kuwa zai yiwu uku bisa takwas ne. Na ce uku bisa takwas na me? Ya ce na inci. Na ce to ina sauran biyar ɗin? Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Ya ce na biyu kauri, wato kaurin 'yan ƙafafun da ke bin kwarin harshe. Akwai hamsin, akwai hamsin da takwas, akwai sittin da uku. In ta yi kauri ba ta shiga, in ta yi siriri ta yi ta rawa har ta fice, in ta fice kuma ba ta zaɓen inda za ta sauka. Na ce tsakanin hamsin da hamsin da takwas nawa ne a ido? Ya tsinke gashin gemunsa ɗaya ya ce kamar uku na wannan.

Gashin gemu uku. A kan gashin gemu uku ɗakin Marka yake tsaye.

Ya ce lambar tana rubuce a gindin harshen. Na ce na duba, ta goge, sai ƙyalli. Ya ce mai injin fa? Na ce ya yi tafiya. Ya ce wane ne? Na faɗa. Ya mayar da tabaransa, ya gyara takardun da ke gabansa, ya ce in gaida gida.

Asabar, da safe

Na rubuta su don kada su gudu. Uku bisa takwas. Hamsin da uku. A'a, sittin da uku. Ƙusa uku a raba biyu, ko ƙusa biyu a raba uku. Na san sunan kowa da aka binne a gidan nan tun daga Sanda, na san shekarar fara da shekarar da jirgi ya iso Funtua muka gudu cikin dawa, ban taɓa sa wani a gurbin wani ba. Lamba huɗu sun kwana a kaina sun tashi sun zama bakwai.

Na bar lamba. Na kwaɓa yumɓu na danna shi a kan tauraron injin, haƙoransa suka fito sarai, na shanya. Wannan shi ne takun, ko da inci ko ba inci.

Litinin, bayan la'asar

Funtua kuma. Maharazu da ya hango ni ya ce, "Baba Labo, ka dawo da amaryar?" Na ce ta ƙi ɗaki. Na jera sarƙoƙin a kan yumɓuna. Biyu suka tsallake, ɗaya ta zauna daram, kowace ƙafa a raminta. Tsawo ma ya yi. Na murza ƙafarta tsakanin yatsuna in ji kauri, yatsun da suka yi shekara hamsin suna riƙe gizago, ba abin da suka gaya mini. Mai jan zaren tana nan a ƙasan akwati. Ban gwada ta ba.

Wani ɗan dako a wurin yana ba da labarin mutanen ƙetaren Kwara, waɗanda suka samu shiga jirgi da waɗanda ba su samu ba. Yana lissafo mutane. Na ɗauki sarƙata na bar wurin kafin ya kai bayan tasha.

Talata, da azahar

Ta hau tauraron. Ta shiga kwarin. Har na yi wa Marka kirari daga tsakar gida.

Ɗanasabe ya girgiza ta da yatsa ya ce, "Baba, tana lilo." Na ce sabuwa ce, kunya take ji, ya tayar. Ya tayar, muka gwada a kututturen maɗaci. Ta fara ci, amma yankan ya karkace kamar hanyar maye. Na ce danna. Ya danna. Sai ji na yi fyat, ta fice daga harshen, ta tsaga masa wando ta zana masa ƙwauri.

Ba zurfi. Na ce ba zurfi. Tani ta zo da gudu ta ɗaure masa, sannan ta ɗauke tuwona ta ajiye nesa da inda ta saba.

Da a saman itace yake fa.

Wannan ita ce mai siririn. Ta farko mai kauri ce kuma mai faɗin taku. To wace ce tawa? Ta yaya mutum zai ga gashin gemu uku a jikin ƙarfe?

Laraba, da safe

Yatsa huɗu. Hannuna yana shiga.

Alhamis, bayan la'asar

Hadari ya haɗo da rana tsaka, baƙi ƙirin, da iska. Na shiga ɗakin Marka na zauna, tun da ta ƙi fita sai ya same mu tare. Wani ƙaramin reshe ya karye ya huda jinka, ya tsaya kamu biyu daga ƙafarta, ruwa na bin sa yana ɗiga a tabarma. Babban ya yi kuka, ya yi kuka, bai sauko ba.

Da iska ta lafa ta ce, "Maigida, sau nawa ka je Funtua?"

Na ce biyu.

Ta ce, "Ka tambayi Maharazu, ka tambayi mai tabarau, ka tambayi yumɓu. Ni da nake kwance ina kallon ƙofa tun safe har yamma, ba ka tambaye ni ba."

Na ce me kika sani game da inji?

Ta zaro ƙunshin daga ƙarƙashin matashi. Ta ce, "Shekara uku yaron nan yana zama a bakin ƙofar nan yana shirya injinsa, yana ba ni labarin uwarsa. Duk sanda zai sa sarƙa sai ya tura wannan cikin kwarin, kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ya kara shi a jikin sarƙar ya duba tsagogin nan biyu. Ba tsari ba ne, sarkin taurin kai. Mudunsa ne."

Na ce me ya hana ki faɗa tun ran Asabar waccan?

Ta ce, "Ka ce ba ka son surutu."

Na fita na tsaya cikin yayyafi.

Juma'a, da hantsi

In awo ne, me ya sa jan zare? In tsari ne, me ya sa tsaga biyu? Zai yiwu duka biyun ne. Abin da ya tsare ƙwaurin mutum shekara uku, me za a kira shi?

Ko ma mene ne, nasa ne, da hannunsa ya goge shi, da hannunsa ya ɗaure. In na kwance ƙunshin na sa hannuna na yi aiki da shi, na yi abin da ake yi in mutum ya tafi. Ni kuwa ba wanda ya gaya mini ya tafi. Ban bari an gaya mini ba.

Kwana biyu ya ce.

Asabar, da azahar

Na kai wa Marka kunu. Ta ce, "Ka taɓa ƙarfen?" Na ce ban taɓa ba. Na gaya mata dalili, abin da ban gaya wa kowa ba sai littafin nan.

Ta kurɓi kunun. Sannan ta ce, "Shekarar da gizagonka ya karye, na wa ka ɗauka?"

Na ce na ƙanena, yana ci-rani a Gusau.

"Ya mutu?"

Na ce yana nan Dayi da jikokinsa, kin sani.

Ta ce, "To. Gado daban, aro daban. Ka ara. In ya zo ka ba shi haƙuri."

Na ce ke da kike koya wa mutane sauƙin kai, ga reshe a kan ƙafarki.

Ta dubi hudar jinkan ta ce, "In ka ari ƙarfensa, ni ma zan ari inuwar rumbu, wuni ɗaya. Ɗaya fa. Kuma a zaune za a fitar da ni, bisa kujera, kowa ya gani da idona biyu na fita."

Na kwance ƙunshin a gabanta. Sanyi gare shi, ba nauyi. Na kai shi wurin injin na tura cikin kwarin. Ya shiga ba matsi ba lilo, kamar a nan aka haife shi. Na kara shi a jikin sarƙar da ta yanki Ɗanasabe, tsagogin suka zo daidai kan ƙusa ta farko da ta uku. Ga ƙusa ukun Malam Abdussamad, ba rabawa ba komai. Na haɗa gefensa da ƙafar sarƙar na shafa da babban yatsa, sai na ji ɗan tudu, ƙarfen ya ɗara ta. Ga gashin gemun.

Litinin, gab da faɗuwar rana

Na zube wa Maharazu sarƙarsa. Ya fara cewa, "Baba Labo, wannan karon sai ka…" sai ya ga abin da ke hannuna da zaren da ke jikinsa.

Na gwada guda huɗun ɗaya bayan ɗaya. Biyu takunsu ya wuce tsagogin. Ɗaya ta gaza su. Ɗaya taku daidai, ƙafa siririya. Saura ɗaya a ƙasan akwati.

Na daɗe a tsugune. Maharazu ne ya ɗauko ta ya ajiye a gabana.

Ƙusa ta farko, ƙusa ta uku, daidai. Na shafa da yatsa, ba tudu ba kwari. Na ɗora igiyar ramata, ta haɗu cif. Ƙullin da ke jikinta irin ƙullin da na kwance ran Asabar ne, mai kunne ɗaya.

Ashe ya samo. Ya naɗe ya ɗaure ya ajiye, yana jiran gari ya waye ya hau mota.

Na ce wa Maharazu gobe zan aiko masa da kujera. Ya ce, "Ɗauki, Baba. Tafi kawai." Na ce ba kyautarka ba ce da za ka ba ni. Ya ce ya sani.

Laraba, bayan la'asar

Da sassafe na yanka wa tsamiya jan zakara, na gaya mata reshe ɗaya ne kuma ba da raini ba. Maza shida suka zo da igiyoyi. Aka ɗauko Marka bisa kujerar da na sassaƙa mata shekarar aurenmu, ta ɗaura sabon kallabi, tana gaida mutane kamar mai zuwa biki. Aka ajiye ta a inuwar rumbu, ta ce a juya ta ta fuskanci aikin.

Ɗanasabe ya hau da ɗaurarren ƙwaurinsa, Tani ta juya baya ta kama daka ba komai a turmin. Injin ya tashi a ja na uku. Sarƙar ta bi harshen shiru, ba rawa, yankan ya tafi sak. Guntu na farko ya rabu, maza suka ja, ya sauka a fili. Na biyu. Na ƙirga tara. Na ƙarshe, mai tsagar, da ya saki sai da ƙasa ta amsa, kaji suka watse, amma ko ciyawa ɗaya ta jinkan bai taɓa ba.

Marka ta ce, "To, a mai da ni, aron ya ƙare." Rana ko tsaka ba ta yi ba.

Da yamma aka yi ruwa da iska irin wanda ban gani ba bana. Na zauna a ɗakinta muna jin sa. Ba abin da ya yi kuka a sama.

Asabar, da hantsi

Na wanke injin na shafe shi da mai, na rufe da buhu a ɗakin Marka, inda za ta riƙa ganinsa. Cikin guntayen na ware mafi kyau, zai yi turmi, matar Ɗanladi ta taɓa cewa nata ya fara tsagewa. Sai ya bushe tukuna, tsamiya ba ta son gaggawa.

A shafin mutuwa na bana mutum biyu ne, Hansai ta gidan maƙera da jaririn Mairo. Ban ƙara kowa ba.

Ƙarfen na mayar da shi hannun injin da zarensa. Na yi ta gwada ƙullin nan mai kunne ɗaya, ya ƙi, sai na yi irin nawa. Da ya gani zai san an taɓa. Zan ce masa aro na yi.